Auna ƙarfin binegar da soda: inda lissafi ke kucce wa ɗalibai

Kwalbar binegar da ake sayarwa a kasuwar Tawa takan zo da lamba a jiki, wato digirin binegar ɗin, 6° ko 8°. Ma'anarta giram nawa na asid asetik ke cikin giram 100 na binegar. Tabbatar da ita aiki ne da ɗan tarminal (ajin ƙarshe na sakandare) zai gama cikin awa guda.

Kada a auna binegar tsura, don mililita 10 na mai 8° zai sha soda (NaOH, mai mol 0,1 a lita) fiye da mililita 130, wato biret (bututun awo mai famfo) mai 25 a cika ta sau biyar ba ta isa ba. A ɗebi mililita 10 da pipet (bututun ɗibar ruwa daidai awo), a zuba a kwalbar awo mai 100, a cika da tataccen ruwa har kan layi. Ruwan rijiya ko na famfo na iya ɗauke da kabonat da zai cinye wani kaso na asid. Daga wannan haɗin a sake ɗibar 10, a ɗiga fenolftalen (sinadarin da ke zama ja idan soda ta cinye asid) sau biyu, a ɗora bisa farar takarda. Soda mai mol 0,1 a lita ce ke shiga biret, bayan an ɗauraye biret ɗin da ita an kori kumfar bakin famfonta.

A saki soda ana kaɗawa. Da zarar ja ya fara daɗewa kafin ya ɓace, sai a koma ɗigo ɗigo. Wurin tsayawa shi ne ja mai haske ƙwarai da ya jure daƙiƙa 30. Wanda ya ga ja jawur kamar bisap ya riga ya wuce. Eliyantin kuwa, wani sinadarin mai sauya launi, a bar shi a kabad: launinsa kan juya tsakanin pH 3,1 da 4,4, alhali asid da soda ba sa daidaita sai an haura 8.

Tunda mol ɗaya na asid asetik giram 60 ne, a ninka mililitar sodar da aka sha da 0,6, digiri ya fito kusan daidai: 13,3 na nufin 8°.

In ya fito 9° ko fiye, a fara tuhumar sodar. Tun tana ƙwaya take tsotse laima da iskar kabon, kuma kwalbar da ta kwana a buɗe ta rage ƙarfi, sai a sha da yawa, binegar ya zama kamar ya fi yadda yake. A gwada ta da asid ogzalik ranar aikin. Da zafin Afrilu, a rufe binegar ɗin ma, don asid ɗinsa na bin iska.