Mun gano abin da ke sa bayan motar fizgewa ɗaya gefen

'Yan'uwa masu koyon riƙe mota a santsi, Asabar uku ke nan abu ɗaya yana ci mana tuwo a ƙwarya, sai jiya Allah Ya kawo ƙarshensa. Motar BMW E46 ce mai jan baya. Filin rufaffe ne da muka nemi izininsa a nan Kaduna, an jiƙa shi da ruwan tanka, an kafa da'ira mai nisan mita 15 daga tsakiya. Giya ta biyu, gudun kilomita 35 zuwa 40, DSC, wato na'urar da ke hana motar zamewa, a kashe.

Tare santsin farko ba ya ba kowa wahala. Ka ƙara totur, baya ya zame, ka karya sitiyari zuwa inda ya zame, ya tsaya. Abin da ke biyo baya ne ya hana mu sakat: da tayoyin baya sun sake kama ƙasa sai motar ta fizge ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na farko, ta juya ta fuskanci inda ta fito. Abin takaici, a kwanar hagu ya fi yawa, a ta dama kuwa da sauƙi.

Da farko mun ɗora laifin a kan hannu, kuma hannu yana da nasa kason. Akwai ɗan lokacin da bayan mota ya daina fita amma bai fara dawowa ba, bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A nan ake fara warware sitiyari. Wanda ya jira har ya ga motar ta miƙe ya makara, domin tayoyin gaba suna nan a karye, su za su jefa shi ɗaya gefen. Na biyu ƙafa ce. Sakin totur gaba ɗaya yana tura nauyi gaba, hanci ya cije ƙasa, sifirin ɗin da ya danne a gefe ɗaya ya saki ƙarfinsa lokaci guda. A rage totur, kada a cire ƙafa. Ido kuma ya tafi inda ake son zuwa, ba kan robar alama ba.

Duk mun gyara waɗannan, hagu ta ƙi. Mutum huɗu, kowa da irin hannunsa, kuskure iri ɗaya a gefe ɗaya: wannan ba daga direba yake ba. Aka ɗaga motar a jak, aka sa ƙarfe aka banƙari hannun da ke riƙe tayar baya a inda yake haɗe da bodi. Bushin ɗin dama, wato robar da ke wannan mahaɗar, ya tsage, hannun yana motsi da ɗan turi kaɗan. Ma'anarsa, duk sanda nauyi ya hau tayar dama a kwanar hagu, tayar tana sauya inda ta dosa da kanta, kamar akwai wani sitiyarin a baya da ba ka riƙe da shi. Sai kuma tayoyin: dukansu na hannu ne, kamfani daban-daban, ɗaya lambarta ta ƙare da 2316, wato mako na 23 a 2016. Robar ta bushe ƙamas duk da zanenta bai cinye ba.

Bushin biyu ake canjawa tare, ko da ɗaya ne ya mutu. Kafin bakanike ya kwance notuna ukun da ke riƙe da maƙalin da ke haɗa hannun da bodi, a zana alama a kewayensa, domin matsar da shi ne ke saita tayar. Babban ƙusan tsakiya kuma a ɗaure shi a kusurwar da hannun ke zama idan mota tana ƙasa da nauyinta. Idan aka ɗaure shi taya na reto, sabon bushin zai zauna a murɗe, ba zai yi ƙarko ba. Daga nan sai wurin alaimen, a tabbatar hagu da dama sun zo daidai. Mun zaga Panteka kafin mu samu bushin mai kyau, amma inda aljihu ya ji jiki shi ne sababbin tayoyi biyu, sun cinye kuɗin da aka ware wa shakazoba, ga kuɗin tankar ruwa na Asabar ukun da suka wuce a banza.

Jiya an yi zagaye goma a jere ta hagu, baya ya fita, ya tsaya, ya dawo a hankali. Wallahi daɗin da muka ji ba ya misaltuwa.

Tun da motar tana sama, mun zubar da tsohon man birki muka sa DOT 4, lita ɗaya ta isa. Sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha danshi kuwa a kusan 155, kuma bayan daminar Kaduna kada ku yarda da wanda ya shekara biyu a mota. Kada a haɗa shi da DOT 5. Iskar taya a auna ta da sanyi, a sake aunawa bayan zagaye, tana ƙaruwa da zafi. A fitar da shimfiɗar ƙafar direba da duk tarkacen but.

Shakazoban baya na nan yana yoyon mai a gefen hagu, shi ne aikin wata mai zuwa in sha Allahu, kafin mu fara atisayen taka birki a tsakiyar kwana.