Takardar piyano da ta shigo shagona a cikin leda

Satin da ya wuce wata dattijuwa ta shigo ɗan shagona na gyaran tsofaffin takardu a nan Leipzig ta Jamus da leda a hannu, wai ta tsinci takardu a akwatin kakarta, in duba ko suna da wani amfani ko ta zuba a shara. Ina zarowa sai ga Der Freischütz, wasan kwaikwayo na waƙa (opera) na Carl Maria von Weber, kiɗan share fagen wasan, wanda aka mayar na piyano don mutum biyu su kaɗa tare. Wallahi sai da na je na wanke hannu kafin na sake taɓa ta.

Shi wannan wasan a Berlin aka fara yin sa, 18 ga Yuni 1821, labarin wani maharbi ne da ya karɓi harsasai bakwai na tsafi, shida su je inda yake so, na bakwai kuma na shaiɗan ne. Jamusawa suka haukace a kansa, to lokacin ba rediyo ba faifai, in kana son jin kiɗan a gidanka sai dai ka sayi takarda ka zauna gaban piyano. Shi ya sa masu ɗab'i suka yi ta bugawa, Schlesinger na Berlin ne ya fara fitar da na piyano, sauran suka biyo baya. A irin ta mutum biyu shafin hagu na mai kaɗa sautin ƙasa ne, an rubuta Secondo, na dama na mai sautin sama, Primo, kuma a wannan ɗin kusurwar ƙasa ta dama ta yi baƙi ta sule saboda juya shafi, ga ɗigon kyandir biyu a shafi na uku, ga lambobin yatsu da wani ya sa da fensir.

Mutane na tambayata yaya nake gane ta gaske, tunda galibi ba sa buga shekara a jiki. Da yatsa nake fara ganewa. A da a jikin farantin ƙarfe ake sassaƙa kowane ɗigon kiɗa da hannu, a juye kuma, sannan a danne takarda mai ɗan danshi a kai, sai bakin farantin ya bar shaida a zagaye kamar gurbi, in ka shafa za ka ji. Sai lambar faranti a ƙasan shafi, sai farashi a bango, in ka ga Groschen ko Thaler, tsofaffin kuɗin Jamus, ka san ta girmi Mark da ya shigo a shekarun 1870. Tata Groschen ce, takardar kuma ta tsumma, har yanzu da ƙarfinta, ba irin ta itace da aka koma yi daga baya ba wadda ke yin ja tana karyewa kamar ƙuli.

Tsohon Bajamushen da ya koya min aikin nan shekara guda cur bai bar ni na taɓa kayan mutane ba, sai dama ƙullun sitacin alkama na manna takarda kawai, in ya ga gudaji ɗaya ya zubar ya ce sake. Na ji haushi lokacin, yanzu nima haka nake wa yaron shagona.

Abin da ke ƙona min rai shi ne 'yan kwaikwayo, mutum ya yi fotokwafi ya jiƙa da ruwan shayi ya ɗora a intanet wai tsohuwa ce, sannan kwastoma ya zo yana ce min ai ya ga irinta da araha, in rage masa. Irinta ina? Shafa mana ka ji. Sai kuma masu salatif, ita ma wannan wani ya manna mata a baya, ya bar tabo ruwan ƙasa, kwana biyu na yi ina ɗaga shi a hankali kuma tabon ba zai fita duka ba, na gaya wa matar gaskiya.

Yanzu tana ƙarƙashin katako da nauyi tana miƙewa. Saura in ɗinke yagewar tsakiya da siririyar takardar Japan, in mai kawo min ita ya ga dama, sati uku kenan yana ce min gobe.