Fararen kajina a Minesota

Da muka samu gida mai fili a baya, a wani ƙaramin gari kusa da Miniyapolis, abin da na fara tambayar maigida shi ne ko ana barin mutum ya yi kiwon kaji. Ana bari, amma da sharaɗi. Sai ka yanki takardar izini a wurin hukumar gari, an ƙayyade yawan da za ka ajiye, akurki ya ba katangar maƙwabta tazara, kuma ban da zakara. Wannan na ƙarshen ya yi mini ciwo. Har yau kunnena bai saba da asubar da ba cara ba.

A gidanmu na Zariya, Inna da kama take kiran kajinta: wake-wake, fingi, durgu, mai tukku. Jinsi ɗaya da na san sunansa shi ne Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, sauran kuwa ko dai kazar Hausa ce ko ta gidan gona. A nan da sunan jinsi ake sayen kaza, kuma sunan ne zai gaya maka ƙwai nawa za ta yi, wane launi, da ko za ta jure sanyi. Daga Maris zuwa Afrilu shagunan kayan noma kan cika da kukan 'yan tsaki. Wasu ma ta gidan waya ake aiko su cikin kwali mai huji, don ɗan tsako yana iya kwana biyu zuwa uku da sauran gwaiduwar da ya ƙyanƙyashe da ita a ciki. Akwai wani gidan ƙyanƙyasa a jihar Ayowa, Murray McMurray, da ke wannan sana'a tun 1917.

Farare na zaɓa, gauraye daga jinsi daban-daban, don Inna tana son farar kaza. Suna tsaki duk ruwan ɗorawa ne. Da suka zama sagaru sai suka koma fari fat, ka rasa wace ce wace.

Maƙwabciyata ce ta warware mini, wata dattijuwa da ta tashi a gona, wadda nake kira Mama. Ta leƙo ta kan shinge ta ce in daina kallon gashi, in dubi wuri uku: zanko, kunne da ƙafa. Ta shigo ta cafki siririyar cikinsu, ta ɗaga ɗan gashin da ke bayan idonta, sai ga fatar kunne fara sol. Wannan Leghorn ce, asalinta daga garin Liborno na Italiya. Zankonta babba ne, yana karkacewa gefe guda, jelarta a tsaye, ga ta da firgita, da ka yi motsi ta haye shinge. Farin ƙwai take yi, kuma a shekara tana iya kusantar 300. Ta kusa da ita mai faffaɗan baya, kunne ja, zanko madaidaici a miƙe, ƙafa rawaya, ita ce White Rock, ƙwanta ruwan ƙasa. Mama ta ce galibi farin kunne farin ƙwai, jan kunne ƙwai mai launi, ko da yake akwai jinsunan da ba su bin wannan ƙa'ida.

Sauran biyun sun fi ba da wuya, don duk masu jiki ne. Wyandotte zankonta a kwance yake, shimfiɗe a kan kai da 'yan ƙuraje-ƙuraje, jikinta a dunƙule. Orpington kuwa, wadda aka samar a yankin Kent na Ingila, ƙafarta ce ke tona ta: fara ce mai ɗan ja-ja, ba rawaya ba, gashinta kuma buzu-buzu har ya kusa rufe cinya. Ita ce mai haƙuri, yara na ɗaukarta ba ta ko motsi.

Sai da Janairu ya zo na ga amfanin wannan sani. Sanyi a nan yakan wuce digiri 20 ƙasa da sifili, ruwan sha ya daskare kafin hantsi in ba ka sa masa mazubi mai lantarki ba. Tsinin zankon Leghorn ne ke fara cin wuya, ya yi fari, daga baya ya yi baƙi. Wyandotte ko a jikinta, don zankonta ba shi da abin da sanyi zai kama. Abin da ya ba ni mamaki, an hana ni toshe akurkin ruf. Damshin numfashinsu da na kashinsu shi ke ƙona zanko fiye da sanyin kansa, dole a bar kafar iska ta sama. Ƙwai ma ya ja baya saboda gajartar rana, kaza na bukatar hasken wajen awa 14 kafin ta riƙa yi a kai a kai.

Da na gaya wa Inna a waya cewa Leghorn ba ta kwanci, sai ta yi shiru, can ta ce, "To ke 'yar nan, wannan kaza ce ko injin ƙwai?" Gaskiyarta. An yi ta zaɓen iri har aka cire musu halin uwa. Ni ma nakan yi kewar ganin kaza tana jan 'ya'yanta a tsakar gida tana hararar shirwa.

Masu jinsi ɗaya kuwa, dabarar gida na bi. Inna zare take ɗaura musu a fiffike, ni zoben roba mai launi nake sa musu a ƙafa, ina saki kaɗan in sun ƙara girma. Da shi nake gane wadda ta daina ƙwai. Mai yi zankonta jajur ne, rawayar ƙafarta ta koɗe, kuma yatsu uku kan shiga tsakanin ƙasusuwan gindinta. Wadda ta tsaya, ƙafar ta dawo rawaya shar, ƙashin ya matse.

Irin waɗannan tsofaffin su ne abin nema a wurinmu 'yan Afirka. Kazar kanti a nan Cornish Cross ce, a sati shida zuwa takwas ake yanka ta, tana shiga miya ta narke. Tsohuwar Leghorn kuwa namanta da ƙarfi, romonta da ƙanshi, ta fi kusa da kazar Hausa. Tuni matan 'yan uwanmu na Miniyapolis suka kama layi, kowacce tana cewa in ajiye mata ɗaya kafin Sallah.