Wa Zai Tsare Mana Raga a Kakar Bana?

Tun da aka koma atisaye a filin da ke bayan unguwarmu a nan Tawa, hirar da ta cika fadar da muke shan shayi ita ce ta ɗan gaban da za a ɗauko, kamar rashin cin ƙwallo ne kaɗai ciwon ƙungiyarmu. Ni kuwa na kalli kusan dukan wasanninmu na gida a kakar bara, na kuma bi motar 'yan wasa zuwa Ƙonni da Madawa, kuma abin da idona ya gane mini shi ne makin da muka zubar a bakin ragarmu ya fi wanda muka ɓarar a gaban ragar abokan karawa. Masu tsaron gida uku ne a gaban koci yanzu: tsohon golanmu da ya daɗe yana riƙe da wurin, da yaron da ya taso daga ƙaramar ƙungiya, da kuma wani baƙo da ake ta yi mana tallarsa daga Yamai. Duk mai zuwa fili ya san su, don haka da waɗannan laƙabobin zan kira su.

Kafin a auna mutum, ya kamata a fara auna wurin da zai yi aikin. Faɗin raga mita 7.32 ne, tsayinta mita 2.44, a Tawa da Madrid duk ɗaya, amma iyakar kamannin ke nan. Yawancin filayen da muke bugawa a Adar ƙasa ce mai tauri haɗe da tsakuwa, sannan daidai inda gola ke tsayawa ƙafa ta haƙe wurin ya zama rami mai yashi, ta yadda ƙwallon da aka bugo ta ƙasa takan canza hanya a taku na ƙarshe. A lokacin hunturu iska takan riƙe ƙwallon sama ta sauke ta inda ba a zata ba, ƙura ta rage gani, idan kuma an shiga watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, 'yan baya su gaji tun kafin a kai minti na 70. Saboda haka ƙungiyoyin yankinmu ba su cika ɓata lokaci wajen saƙa wasa daga baya ba. Dogon bugu suke yi, su kai ƙwallo gefe, su jefo ta cikin da'ira, su bar sauran ga iska da turereniya. Golan da zai amfane mu shi ne wanda ya san lokacin fitowa da lokacin tsayawa, wanda kuma muryarsa ke isa kunnen 'yan bayansa.

A kan wannan ma'aunin tsohon golanmu ne a gaba, kuma da tazara. Shekarunsa sun ja, ba ya sauka ƙasa da sauri kamar dā, musamman ta hagunsa, kuma 'yan gaban da suka san shi sun fara neman wannan kusurwar da gangan. Amma ƙwallon sama tasa ce. Yana fitowa da gwiwa ɗaya a ɗage, ya yi ihu tun ƙwallo na hanya, idan ya ga cunkoso ya yi yawa ya naushe ta da hannu biyu zuwa gefe maimakon ya yi ƙoƙarin cafkewa. Abin da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba shi ne yawan haɗarin da yake kashewa da baki kawai: ya ja ɗan baya taku biyu zuwa dama, ya tsara katanga kafin mai bugun tazara ya gama ajiye ƙwallo, ya tuna wa kowa mutumin da zai riƙe a bugun kusurwa. Irin wannan aikin ba a yi masa tafi, shi ya sa masu cewa ya tsufa suke samun masu saurare.

Shekaru a wannan gurbin ba su da nauyin da suke da shi a sauran gurabe. Kassaly Daouda ya ci gaba da tsare ragar Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, har bayan ya wuce shekara 35, kuma tarihinsa a gasar cin kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu ya ƙunshi darasin da nake son 'yan fadarmu su tuna. A wasan farko da Mali ya riƙe mu har kusan ƙarshe, sai ƙwallon da aka jefo daga gefe ta kuɓuce masa, Seydou Keita ya ci, aka tashi 1-0. Bayan kwana huɗu shi ɗin dai ne ya hana Dieumerci Mbokani da 'yan Kwango cin ko ɗaya, aka tashi canjaras, Nijar ta sami makinta na farko a tarihin gasar. Da an ajiye shi a benci saboda kuskuren ranar farko, da wataƙila ba mu ga wancan makin ba. Abin lura na biyu shi ne ƙwallon da ta kayar da mu ta sama ce, irin wadda ake jefo mana sau goma a kowane wasa a nan.

Sai dai akwai wani abu da zai iya cin tsohon namu a bana, kuma ban ji ana maganarsa ba. Hukumar IFAB da ke tsara dokokin wasa ta sauya dokar riƙe ƙwallo daga kakar 2025/26: a dā daƙiƙa 6 ne, hukuncinsa bugun tazara da ba a ci kai tsaye, kuma da wuya ka ga alƙalin da ya hura, yanzu daƙiƙa 8 ne, alƙali zai ɗaga hannu ya ƙirga biyar na ƙarshe da yatsunsa, wanda ya wuce kuma a ba abokan karawa bugun kusurwa. Golanmu ya saba idan muna kan gaba ya kwanta a kan ƙwallo kamar kaza a kan ƙwai, ya tashi a hankali, ya kakkaɓe wando, ya duba gabas da yamma. Rabin dabararsa ta kare nasara ke nan, kuma a zafin bazara wannan hutun ne ke ba 'yan baya damar shan iska. Idan alƙalanmu suka riƙe sabuwar dokar da gaske, dole ya canza halin da ya shekara goma yana yi, kuma wannan ya fi koyon sabon tsalle wuya.

Yaron kuwa shi ne abin son 'yan kallo, kuma ba na ganin laifinsu. Yana da tsayi, yana da saurin sauka, ya kan tare ƙwallon da kowa ya riga ya ɗora hannu a ka, sannan ƙafarsa ta fi ta wasu 'yan tsakiyarmu. Ya taso ne yana kallon su Ederson da André Onana a gidan kallon ƙwallo, a zamanin da gola ya zama mai fara kai hari. Dokoki ne suka haifi wannan salon: tun 1992 aka hana gola kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan, a 2019 kuma aka yarda a karɓi bugun gola a cikin da'ira ba sai ta fita ba. A kan ciyawa mai laushi wannan baiwa ce babba. A filinmu kuwa na ga yadda gajeren bugun da ya yi wa ɗan baya ya ci karo da tsakuwa ya tsaya a tsakiyar hanya, ɗan gaban abokan karawa ya same ta a sama kamar tsintuwa. Wannan gyararre ne, domin koci zai iya gaya masa wuraren da zai yi hakan da wuraren da zai ɗaga ta gaba kawai.

Abin da ya fi damuna game da shi ba ya cikin littafin horo. Yaron ba ya magana. 'Yan bayanmu biyu sun girme shi da kusan shekara goma, ɗaya ma abokin yayansa ne, kuma tarbiyyar gida ba ta bar shi ya kama sunan babba ya daka masa tsawa a gaban jama'a ba. Na tsaya a bayan ragarsa a wani wasan sada zumunta na ji da kunnena: ƙwallo na saukowa, shi da kyaftin duk sun nufe ta, sai ya ce a hankali, "Yaya, bar mini," alhali kyaftin ya riga ya tashi sama. Suka yi karo, ƙwallo ta faɗi a tsakaninsu. Kunya ado ce a zaure, amma a cikin da'ira tana jawo ci. Maganinta kuma ba a hannun yaron yake ba, a hannun manyan yake. Sai kyaftin da kansa ya kira shi a gaban sauran ya ce masa, "Ƙanena, a cikin fili kai ne babba, ka kira sunana yadda ka ga dama," kuma ya nuna bai ji haushi ba ranar da aka yi hakan. Idan ba a yi wannan ba, ko shekara uku ya yi a raga haka zai ci gaba da raɗa.

Batun baƙon ba ya buƙatar dogon bayani. An ce ya zauna a babbar ƙungiya a Yamai, kuma ban musa ba, amma zaman benci ya yi, kuma gola da ya daɗe bai buga wasan gaske ba yakan rasa lissafin fitowa, wanda shi ne ainihin abin da muke nema. Ga kuɗin sa hannu, ga masauki, ga abinci, ga kuma mutumin da iyalinsa ke nesa da fiye da kilomita 500, wanda zai iya tattara kayansa ranar da albashi ya yi jinkiri. Kuɗin da za a kashe masa zai isa a sayi safar hannu masu kyau ga mutum biyu, domin wannan ƙasar tana cinye tafin safa cikin 'yan makonni, a kuma ba wani tsohon gola ɗan abin sabulu ya riƙa zuwa sau uku a mako yana horar da su su kaɗai. A yanzu horon golanmu bai wuce a jera 'yan gaba su yi ta zabga musu ƙwallo a ƙarshen atisaye ba, wanda horon 'yan gaba ne, ba nasu ba.

Masu cewa a bar raga a nemi mai ci su tuna gasar CHAN, wato ta ƙasashen Afirka ta 'yan wasan da ke bugawa a gida, da aka buga a Aljeriya a farkon 2023. 'Yan wasan Nijar na koci Harouna Doula sun kai wasan kusa da na ƙarshe da ƙwallo uku kacal: canjaras da Kwango, 1-0 a kan Kamaru, 2-0 a kan Ghana, ba a zura musu ko ɗaya ba a wasannin ukun. Ranar da bayan ya buɗe, Aljeriya ta zuba mana biyar.

Ra'ayina shi ne tsohon ya fara kakar a matsayin na ɗaya, kuma koci ya faɗi haka a fili tun kafin wasan farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi cutar da mu bara shi ne canjin gola bayan kowane kuskure, har ya zama kowannensu yana shiga fili yana waiwayen benci, 'yan baya kuma ba su san wanda zai fito da wanda zai tsaya ba. A ba yaron dukan wasannin kofi da na sada zumunta, a gaya masa tun yanzu cewa nasa ne ko ya yi kuskure, sannan a ƙara masa wasu wasannin gida a zagaye na biyu idan matsayinmu a tebur ya ba da dama. A mako shida na farko abu biyu zan riƙa dubawa daga inda nake tsayawa a bayan raga: sau nawa alƙali zai ɗaga wa tsohon hannu yana ƙirga, da kuma ko zan ji muryar yaron daga tsakiyar fili ranar da aka ba shi wasa.