Yashin Kwari da Bulon Gombe

Mai buga bulo a Gombe da abu uku yake kwana yake tashi: siminti, ruwa da yashi. Siminti ba ka da ta cewa a kansa, yadda dila ya faɗa haka za ka biya, ko da kuwa kamfanin Ashaka yana nan cikin jiharmu a ƙasar Funakaye, yana aiki tun 1979. Ruwa ma kuɗi ne, ko ka haƙa bohol ko ka riƙa kiran tanka. Yashi ne kaɗai ya rage a hannunka, kuma a wurinsa ake gane wanda ya san sana'ar da wanda ya shigo don ya ji ana samu.

Wurin aikina ƙarami ne, a bayan gari: inji ɗaya, janareta, rumfar ajiye siminti, da samari masu kwaɓi da masu ɗauka. Muna buga inci 6 da inci 9. Duk tifar da ta shigo, kafin direba ya juye sai na hau na damƙi yashin. In na matse na buɗe hannu ya watse, tafina bai yi ja ba, to ya yi. In ya dunƙule ya bar shatin yatsu, akwai laka, kuma laka ita ce maƙiyiyar siminti, bulon zai yi kyau a ido amma da ya sha damina biyu sai ya fara zubar da gari. In ina shakka sai in zuba kaɗan a gorar ruwa, in girgiza, in ajiye. Yashi ya kwanta ƙasa, taɓo ya hau kansa, ka ga kaurinsa da idonka. Yashin bulo mai kaifi ake so, mai 'yar tsakuwa, wanda ke ƙara a bakin shebur. Mai laushin nan na filasta ne. A buhu ɗaya mai kilo 50 ba na yarda a wuce bulo talatin na inci 9. Na san akwai masu fitar da arba'in har da ɗoriya, kuma bulonsu ya fi nawa araha. Birkila ya san bambancin tun daga ɗagawa, sai dai ba birkila ne ke biyan kuɗin ba.

Yashin nan duka ruwa ne ke kawo shi, shi ya sa mai sana'ata dole ya san kwaruruka da rafuka fiye da yadda ya san tituna.

Baƙo yakan yi mamaki in aka ce masa Gombe asalinta garin bakin kogi ne, don ya duba gabas da yamma bai ga kogi ba. Gomben farko, wadda Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadi, ita ce Gombe Abba, can ƙasar Dukku, kusa da kogin Gongola. Da Turawa suka zo sai aka mayar da hedikwata Nafaɗa a 1913, ita ma a bakin Gongola take, inda a wancan lokacin jiragen ruwa ke iya isowa da kaya idan kogi ya cika. A 1919 aka sake tasowa zuwa Doma, wato inda muke zaune yanzu. Nan kuwa babu kogi mai gudu rani da damina. Abin da ke akwai shi ne kwaruruka da suka gangaro daga tudun Akko ta yamma, suka ratsa gari suka nufi gabas. Da damina su kawo ruwa na 'yan sa'o'i, da rani su koma farin yashi. Hanyar mota da auduga da gyaɗa, sannan jirgin ƙasa da ya iso a farkon shekarun 1960, su suka raya garin, ba ruwa ba. Ƙishirwa kuwa tun daga tushe aka gina ta tare da garin.

Ni a gefen ɗaya daga cikin kwarurukan nan na tashi, kuma mahaifina magini ne, na tubali da jar ƙasa. Kwarin da na sani a shekarun 1980 ba abin tsoro ba ne. Gaɓarsa ba ta fi ƙugun babba ba, yaro yakan dira ciki ya haye ɗaya gefen ba tare da ya dafa ba. Bakinsa akwai mangwaro da gwaiba da tsamiya, ga jema da gamba sun riƙe ƙasa. Da kaka ta wuce, masu lambu su kan tone 'yan rijiyoyi a tsakiyar yashin, kamu biyu ko uku ka tarar da ruwa, su kafa jigo ko su yi ta ɗiba da ƙwarya suna ba alayyafo da yakuwa da albasa da tumatir. Da asuba 'yan mata da yara ne a wurin da tulu da bokiti, kowa na jiran ruwa ya taru a ramin ya kwanta kafin ya kwalfa. Da hantsi masu wanki su karɓi wurin, su shanya riguna a kan yashi har ka rasa wurin taka ƙafa. Da la'asar Fulani su gangaro da shanu. Mu kuma namu shi ne langa da ƙwallon tsumma, da duka idan muka tattake wa wani fangalin albasa.

Masu irin sana'ar mahaifina can gefe suke, inda ƙasa ta fi danƙo. Su haƙa, su kwaɓa da ciyawa, su bari ta ruɓa, su mulmula tubali su jera a rana. Ramin da suka bari shi ke zama kududdufi da damina, ya tare ruwan unguwa, agwagi su samu wurin wanka, sauro ma ya samu nasa rabon, don ba komai na da ne abin yabo ba. Yashi kuwa a lokacin da jakai ake ɗibarsa, mangala biyu uku, na daɓe ko na shimfiɗa a tsakar gida da masallaci. Abin da jaki ya ɗauka a shekara, ruwan dare ɗaya ya mayar da shi.

Abin ya juya ne bayan 1 ga Oktoba 1996, da aka cire Gombe daga jihar Bauchi ta zama jiha, garin nan ya zama babban birninta. Ma'aikata suka dawo gida, 'yan kasuwa suka biyo, gonakin bayan gari suka koma fulotai. Aka sare itatuwa, aka cike kududdufai aka yi gini a kansu. Gidan ƙasa mai soro da faffadan tsakar gida yakan shanye ruwan da ya sauka a cikinsa. Gidan bulo mai rufin kwano da daɓen siminti kuwa ko ɗigo ba ya riƙewa, duk waje yake turowa. Ka tara irin wannan gida dubbai a kan tudu, ka haɗa da kwalta, sannan ka tuna ƙasar Gombe rairayi ce marar ƙarfi kuma garin a gangare yake. Ruwan da a da yake tafe yana nutsewa yanzu a guje yake isowa kwari, ya ci ƙasa ya ci gaɓa. Bulon da ya rufe tudun nan mu muka buga shi, da yashin da aka kwaso daga cikin kwarin, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Ambaliyar 2004 ita ta fara buɗe wa mutane ido, an rasa rayuka da gidaje, kuma tun daga nan duk wanda ke kusa da kwari ba ya barci in hadari ya haɗo da dare.

Yau akwai wuraren da in ka tsaya a gaɓa ka leƙa, gidan bene zai shige ciki. Za ka ga rabin ɗaki a rataye, fentin bango yana nan, ɗaya rabin ya tafi. Unguwannin da a da tsallake ɗaya ne tsakaninsu, yanzu sai ka hau acaɓa ka zagaya ta gada kafin ka je gaisuwar rasuwa. Lambu ya tafi, rijiyoyin yashi sun tafi, abin da ya maye gurbinsu shara ce da leda, don mutane sun mayar da kwari bola suna cewa wai tana tare zaizaya.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo sayen bulo zai tayar da katangar da ruwa ya kayar masa. Na tambaye shi tazarar da ke tsakanin katangar da bakin kwari, ya ce taku biyar. Na ce, "Bappa, ko na ba ka bulon da ya fi kowane ƙarfi a garin nan, ba bulon ruwa zai ci ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa zai janye." Ya ce, "Ɗana, na sani. Da na sayi filin nan sai ka yi tafiya kafin ka kai kwarin. Ba ni na je wurinsa ba, shi ya zo wurina. Ina zan kai iyali?" Na sayar masa, na ce ya ja katangar baya ko da zai rasa makewayi, ya jera buhunan ƙasa a gaɓa ya dasa jema da kashe-kwari. Ya ja ta baya kaɗan.

Na daina karɓar yashin kwarin cikin gari, kuma dalilina biyu ne. Na farko na aljihu ne: yashin ya lalace, cike yake da leda da fasassun kwalabe da baƙin taɓon kwata, sai ka sa yaro ya yini yana tankaɗe kafin ka samu abin kwaɓi. Na biyu, masu lodi ba tsakiyar kwari suke tsayawa ba, gindin gaɓa suke bi don nan ne tifa ke iya matsowa, kuma duk shebur ɗin da aka cira daga nan an kusanto da ɗakin wani ne zuwa rami. Su kansu leburorin suna cikin haɗari, gaɓa takan rufto ba sallama. Ba na zaginsu, abinci suke nema, kuma ba su ne ke cin ribar ba. Amma tifar da na ga leda a cikinta, juyawa take yi.

Ayyukan da aka yi da tallafin Bankin Duniya, NEWMAP da kuma ACReSAL da ya biyo baya, sun ɗaure wasu manyan kwaruruka da kankare da duwatsu cikin ragar waya, irin wanda ya bi ta Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna da Kagarawal, da na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE). Mutanen wurin sun samu barci, filayensu ma sun yi daraja, har masu sayar da gida da arha a da suna cizon yatsa. Gare mu kuwa ma'anarsa ita ce yashi ya ƙara nisa, don magudanar kankare ba ta ajiye yashi, wucewa yake yi. Yanzu tifa sai ta fita rafukan ƙauyuka, a biya mai gona kuɗin hanya, a biya masu lodi, a biya haraji, sannan ga man gas. Rabin kuɗin tifar yashi a yau na mai ne da taya. Da damina ta yi ƙarfi kuma mota ba ta iya shiga rafi, sai wanda ya tara tun rani.

Shi ya sa shekarar mai bulo daga ƙarshen damina take farawa. Ruwa ya wanke yashi ya jibge sabo, hanya ta bushe, manoma sun sayar da masara da wake da shinkafa sun fara tunanin ƙara ɗaki. Lokacin nake zuba duk abin da nake da shi a yashi. Wahalar rani kuma ban ruwa ce. Bulo yana son a jiƙa shi safe da yamma har mako guda, in ba haka ba zafin watan Maris da Afrilu ya busar da shi kafin siminti ya kama, ka ɗaga ya rabe biyu. Wanda ke son rage kuɗin tanka a nan yake ha'inci, kuma mai saye ba zai gani ba sai gini ya tsage. Madatsar Dadin Kowa da aka gina a kan Gongola a shekarun 1980, wadda aka jawo ruwanta zuwa cikin gari a zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje, ta sauƙaƙa wa unguwanni da yawa, amma bututu bai kai inda irinmu ke samun filin haya ba. Mu har yanzu tanka ce, kuma a watan Afrilu layi ake bi.

Bana na fara buga zoben kwalbati da murfin magudana, saboda masu unguwanni suna haɗa kuɗi gida-gida don su ja ruwan layinsu zuwa babbar magudana kafin ya tsaga musu hanya. Ribar ba ta kai ta bulo ba, rodi ya yi tsada, kuma kuɗin taron jama'a a guntu-guntu yake fitowa. Amma oda tana shigowa, galibi a watan Mayu, bayan ruwan farko ya nuna wa kowa inda zai bi.