Aikin rabin rana da aikin yini, kamar yadda na gan su a Abuja

Yawancin masu neman aiki a Abuja albashi suke fara tambaya. Ni kuwa yanzu abin da nake fara tambaya shi ne sau nawa zan fito a mako, kuma ƙarfe nawa ake tashi. Duk mazaunin Mararaba ko Nyanya ya san dalili. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashi, ga cunkoson da ke sa mutum ya bar gida da sallame sallar asuba, ba zai sake ganin 'ya'yansa ba sai bayan isha'i.

Na yi aikin rabin rana na rubuta ciniki a wani kantin magani a Wuse, ina karatun jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta a sauran lokacin. Gaskiya na ci moriyarsa. Karatun ya zauna, kuɗin mota ya ragu, har kasuwa nake zuwa da rana tsaka. Ga ɗalibi, ko mai shayarwa, ko mai ɗan shagonsa a gefe, ban ga tsarin da ya kai shi ba.

Amma akwai abin da ya dame ni, kuma har yau yana damuna. Mai kantin yakan kira da daddare: "Malam, don Allah gobe ka ɗan leƙo mana, ba za ka daɗe ba." Leƙon nan shi ne har la'asar, ina kan kujerar roba a bayan kanta, ina daidaita rasit da littafin kaya. Wata ya ƙare, ko sisi bai ƙaru ba. Doka ma ba ta tsaya wa irinmu ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma dokar ta tsame masu aikin 'yan sa'o'i da ma'aikatun da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Shi ya sa wasu masu wuraren aiki suke son wannan tsari: a ci gumin mutum na yini, a biya shi na rabi.

Da na samu aikin yini a kamfani, sai na ga wata fa'ida da matashi bai cika lura da ita ba. Ana cire kashi 8 cikin 100 na albashina zuwa asusun fansho, kamfani ya ɗora kashi 10, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Ga hutun shekara, ga inshorar lafiya. Ranar da ɗana ya kwanta da zazzaɓi, kati kawai na miƙa a asibiti.

Ƙanwata ta samu koyarwa ta rabin rana a wata makarantar kuɗi a Kubwa. Na ce ta karɓa, tunda tana karatun digiri na biyu, amma da sharaɗi biyu: a rubuta mata sa'o'inta da kuɗin ƙarin lokaci a takarda, sannan ta buɗe ƙaramin asusun fansho na masu zaman kansu da hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta ƙaddamar a 2019, ta riƙa zuba ko dubu biyu ce duk wata.