Kwamfireson lantarki a tsohuwar Fijo: yadda muke haɗa shi a Maraɗi

Sana'ata gyaran kilim ɗin mota, wato na'urar sanyaya iska. Ƙaramin gareji gare ni a nan Maraɗi, ni da yaran da nake koya wa aiki, kuma yawancin abin da ke shigo mana Toyota ce da gas ya tsiyaye ko fanka ta ƙone. Aikin da ya fi kwanta mini a rai dai shi ne na tsofaffin motocin gado: Fijo 404 da 504, da Marsandin shekarun 1980, waɗanda ƴaƴa ke fiddowa daga rumfa a yi musu fenti, a ɗinka kujeru, don zuwa ɗaurin aure da yawon Sallah. Ita 504 tun 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Kaduna da aka buɗe a 1975 kuma ya daɗe yana harhaɗa ta, shi ya sa har yau ba a rasa kayanta a Kano. Da yawansu ba su zo da kilim ba. Wanda ya sa babbar riga ya shiga irin wannan mota a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da ke kawo mutane wurina.

A da hanyar sa musu kilim ɗaya ce. A yi waldar ƙarfen da zai riƙe kwamfireso, wato famfon da ke matsa gas ɗin sanyi, a jikin inji, a ƙara fuli, a ɗaura bel. Yana sanyi, amma yana cin ƙarfin injin da dama ya tsufa, kuma in aka tsaya a cunkoson bakin kasuwa sai sanyin ya ja baya, allurar zafi ta fara hawa. Na lantarki ba ruwansa da bel. Injinsa na cikin cikinsa, waya kawai yake so daga batir mai bolt 12. Ina iya ɗaure shi a but a kan robobi, in ja bututu ta ƙarƙashin mota. In aka ɗaga bonet, inji na nan yadda maƙeransa suka bar shi, wannan kuwa shi masu son tsohuwar mota suka fi so.

Sai dai sanyin nan da wuta ake biyansa. Kwamfireso irin wannan yakan ja amfiya 50 zuwa 80 idan yana aiki sosai, ga fankar gaba, ga ta cikin mota, ga fitilu da dare. Altanaton da tsofaffin motocin nan suka zo da shi, wato na'urar da ke caza batir, bai cika wuce amfiya 35 zuwa 55 ba. Don haka kafin in taɓa bututu ko ɗaya, altanato nake fara canjawa, in sa mai 120 ko 150. Kuma ba na tsayawa ga lambar da ke jikinsa, domin sai inji na gudu yake ba da ita. Mita nake maƙala wa wayar, mota na tsaye inji na salo, in ga abin da yake bayarwa da gaske.

An taɓa kawo mini wata 504 da aka haɗa a wani wuri. Ina ɗaga shimfiɗar ƙasa sai ƙaurin roba ya bugi hancina. Wayar da aka ja har but ba ta fi ta fitila kauri ba, robarta ta narke ta manne da ƙarfen mota, jan ƙarfen ya koma baƙi, kuma babu fis ko ɗaya. Allah ne ya tsare. Mu waya mai kaurin murabba'in milimita 25 (25 mm²) muke ja in tafiyar da nisa, fis ɗin kusa da batir, wayar ƙasa ma kaurinsu ɗaya.

Wani dattijo ya tambaye ni: "Malam, ke nan zan iya kashe inji in zauna ina shan sanyi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, Alhaji, batir ɗinka ba zai kai awa guda ba, daga nan sai turi." Shi ya sa nake sa abin da ke yanke kwamfireso da zarar wutar batir ta yi ƙasa.

Akwai masu tsinto kwamfireson Prius, Toyota mai haɗa fetur da lantarki, a wurin ƴan kayan gyara su ce a sa musu, tunda shi ma na lantarki ne. Ba ya yi. Wancan da wuta mai kusan bolt 200 yake aiki, batir ɗin tsohuwar mota ba zai ko motsa shi ba. Mai ma haka: na lantarki injinsa a cikin mai da gas yake wanka, sai man da kamfaninsa ya faɗa, galibi POE. A zuba masa PAG na kwamfireson bel, ana iya lalata rufin wayoyinsa. Gas kuma R134a ne, domin R12 na da an daina shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Tsofaffin tiyo ba sa riƙe sabon gas da kyau, sai sababbi. Mu zuƙe iska da danshi da famfo, mu zuba gas a kan sikeli, ba da ka ba.

Abin da ba na ɓoye wa kowa shi ne ƙarfin sanyinsa bai kai na bel ba. A ranar Maraɗi wannan gibin a jiki ake jin sa. Saboda haka rabin aikin a jikin motar yake: sabuwar robar ƙofa, soso mai tare zafi a rufi da bangon da ke tsakanin inji da direba, a toshe duk hujin da tsatsa ta ci. Zuba sanyi a motar da robobinta suka mutu kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Mai ƙaramar 504 ko 404 ta yawon gari nakan ce masa bismillah. Mai doguwa mai jeri uku da ke cika ta da iyali zuwa Yamai ko Damagaram kuwa, na bel nake sa masa, ko da ya fi son ɗayan. Kafin in miƙa makulli, da azahar nake fita da motar hanyar Ɗan Isa, ma'aunin zafi a bakin iska, mita a kan batir, in dawo in bar ta tana salo a rana da fitilu a kunne. In wutar batir ta tsaya sama da bolt 13, sai in kira mai ita.